Daren Da Na Yi Wa Takardar Asibiti Ƙarya

Ƙannena ɗalibai, idan aka ambaci aikin jinya, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mutane shi ne fararen kaya da allura. Ni kuwa abin da ke faɗo mini a rai shi ne wani fallen takarda da aka yago daga littafin rubutu, da guntun fensir. Wannan takardar ce ta kusa sa mu rasa autanmu, kuma ita ce sanadin da na zama ma'aikaciyar jinya. Na daɗe ban ba da labarin a fili ba, domin ba irin labarin da ke jawo wa mutum yabo ba ne. Amma na san da yawa daga cikinku za ku zauna a bakin gadon wani mara lafiya, ko bana ko baɗi, don haka gara ku ji.

A daminar shekarar 2010 ina aji biyu na babbar sakandare, shekarata 16. A wannan shekarar cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta bazu a jihohin Arewa da dama. A unguwarmu ruwan sama ya cika kwatami ya malala har cikin rijiyoyi, mu kuwa ba mu fasa sha ba. Wata ranar Talata da la'asar autanmu, ɗan shekara 7, ya dawo daga Islamiyya yana cewa cikinsa na murɗawa. Kafin magariba ya zaga ya fi sau goma, gudawar fara sol kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Kafin isha'i idanunsa sun faɗa, muryarsa ta dishe, ko ya yi kuka hawaye ba ya fitowa.

Baba direba ne, yana kan hanya. Umma tana jego, ko sati biyu ba ta yi da haihuwa ba. Ni ce babba a gidan. Wani maƙwabcinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗauke mu a babur, na rungume yaron a tsakiya, kansa yana lilo a kafaɗata.

A asibitin an keɓe wata doguwar rumfa a can baya saboda masu wannan cuta. Kafin a shiga sai an wanke hannu an kuma taka ƙafa a cikin ruwan magani mai warin kulorin. Gadajen kuwa ban taɓa ganin irinsu ba. Kowanne an lulluɓe shi da leda, da rami a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashi. Gado ya fi talatin, duk a cike, ma'aikatan jinya kuma biyu ne kacal a wannan daren. Ɗaya daga cikinsu dattijuwa ce gajera mai gilashi rataye a wuya, kowa Sista yake ce mata. Ita ta karɓi yaron daga hannuna. Ba ta tsaya dogon tambaya ba, ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki, ta taɓa wuyan hannunsa, nan da nan ta sa masa ƙarin ruwa.

Wajen sha ɗayan dare sai ga Auta ya buɗe ido yana cewa, "Yaya, ƙishirwa." Sista ta zo ta sake duba shi, ta ce ya dawo hayyacinsa, yanzu zai iya sha da baki. Ta cire masa ledar ruwan, domin akwai waɗanda suka fi shi buƙata, ledojin kuma ba su da yawa. Ta kawo mini jug cike da ruwan gishiri da sukari, da kofi, da cokali. Sannan ta yago takarda ta raba ta gida huɗu.

Ta ce, "'Yata, kina makaranta ko?"

Na ce, "E, Sista. Ina ajin kimiyya."

Ta ce, "To madalla. Duk kofin da ya shanye, ki ja layi a nan. Duk gudawar da ya yi, ki ja a nan. Amai a nan. In ya yi fitsari ki rubuta mini lokacin a nan. In ya yi amai kada ki tsorata, ki jira minti goma ki ci gaba da ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan. Kada ki bari ya daɗe bai sha ba. Ni ba zan iya tsayawa a kansa ba, ke ce idona."

Ba zan ɓoye muku ba, a zuciyata na raina aikin. Ni da nake burin zama likita, nake haddace sunayen ƙasusuwan jiki, a ce aikina jan layi kamar 'yar aji ɗaya? Duk da haka na yi. Na ba shi kofi ɗaya, na ja layi. Ya yi gudawa, na ja. Haka muka yi ta yi har wajen ɗayan dare. Daga nan na ce bari in ɗan jingina kaina da ƙarfen gadon. Barci kuwa ɓarawo ne.

Kiran assalatu ne ya tashe ni. Na zabura na dubi Auta, yana kwance shiru, na ɗauka barci yake yi. Na dubi takarda, babu ko layi ɗaya tun ƙarfe ɗaya. Can ƙarshen rumfar na hango Sista tana tahowa gado-gado da tocila a hannu. Kunya da tsoro suka rufe ni. Me zan ce wa matar da ta ce ni ce idonta? Sai na ɗauki fensir na ja layuka huɗu a gidan kofuna. A gidan fitsari kuma na rubuta ƙarfe uku.

Ta iso ta karɓi takardar ta karanta. Ta ce, "Kofi huɗu, har da fitsari. Ya yi ƙoƙari." Har ta juya za ta wuce, sai ta dawo ta haska fuskarsa. Ta ɗaga fatar idonsa. Ta tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Ta kama wuyan hannunsa ta daɗe tana laluben bugun jini. Ta leƙa bokitin da ke ƙarƙashin gado, ya kusa rabi. Daga ƙarshe ta ɗaga jug ɗin ta haska shi. Ruwan yana nan inda na bar shi.

Ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "'Yata, takardar nan da jikin yaron nan ba su faɗi magana ɗaya ba. Wanne zan yarda da shi?"

Na fashe da kuka na ce barci na yi.

Ba ta ce mini komai ba. Ta ƙwala wa abokiyar aikinta kira, suka duƙufa a kansa. Jijiyoyinsa sun lafe saboda ruwan jikinsa ya ƙare, suka soka a hannun dama ba su samu ba, suka koma hagu ba su samu ba. Ina riƙe da tocila hannuna yana rawa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A karo na huɗu ne aka dace, a ƙafa. Sista ta buɗe ruwan ya riƙa zuba da sauri, ta tsaya a kansa da yatsunta a wuyan hannunsa har gari ya fara wayewa.

Da ta tabbatar bugun ya dawo, sai ta jawo ni gefe ta ce, "Barci ba laifi ba ne, yarinya ce ke, ni ma nan da kike ganina ina jin sa. Da kin bar gurbin nan babu komai, da na gani na san awa uku bai sha ba, in ɗauki mataki tun daga nesa. Amma kin cike shi da abin da bai faru ba. Saura ƙiris in yarda da ke in wuce gado na gaba. Da na wuce, ba zan dawo nan ba sai bayan awa biyu. Ki lissafa da kanki."

Na lissafa. Har yau ina lissafawa.

Auta ya tashi, alhamdu lillahi. Kwananmu uku aka sallame mu. Ni kuma tun daga ranar burina ya sauya. Bayan shekara uku na shiga makarantar koyon aikin jinya, inda darasinmu na farko shi ne tarihin aikin da ginshiƙansa. Na zaci haddar sunaye da shekaru ce kawai don cin jarrabawa. Ashe labarin takardata zan tarar a ciki.

Malaminmu ya fara da tuna mana cewa jinya ta girmi asibiti. Tun da aka halicci ɗan Adam ake rashin lafiya, kuma ake samun mai zama kusa da mara lafiya, ya ba shi ruwa, ya gyara masa kwanciya. A ƙasar Hausa muna da ungozoma, muna da kakanni masu zaman jego, kuma har gobe ba a barin mara lafiya shi kaɗai. A tarihin Musulunci littattafan sira sun kawo labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da waɗanda suka ji rauni. Lokacin da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya a Yaƙin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, a tantinta aka kwantar da shi bisa umarnin Manzon Allah (SAW), domin ya riƙa duba shi daga kusa. Wato tun a wancan zamani an gane cewa mai rauni yana buƙatar wuri na musamman, da mutum na musamman da zai sa masa ido.

Amma jinya a matsayin sana'ar da ake shiga makaranta a koya, a ci jarrabawa, a karɓi shaida, tarihinta ya fi danganta da wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale. An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, a gidan masu hali. A Ingila ta wancan lokaci jinyar asibiti aikin ƙasƙanci ce, ba a koyar da ita, ba a kuma ganin mutuncin masu yin ta. Da ta ce ita wannan aikin take so, iyayenta suka ƙi. Sai da ta kai shekara 31 sannan ta samu ta je Kaiserswerth a ƙasar Jamus, a 1851, ta yi 'yan watanni tana koyo. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, tun tana yarinya take son lissafi.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi a ɓangaren Daular Usmaniyya, suna faɗa da Rasha a yankin Kirimiya. Jaridu suka riƙa kawo labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa a asibiti babu mai kula da su. A watan Nuwamba na wannan shekarar Nightingale ta isa babban asibitin soja da ke Scutari, wata unguwa a birnin Istanbul na Turkiyya, tare da mata 38. Ginin tsohon barikin soja ne. Ta tarar da marasa lafiya jere a ƙasa cikin ƙazanta, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, masai sun toshe, babu isassun barguna, babu sabulu. Ta sayo burusai aka shiga goge-goge, ta buɗe wurin wanki, ta gyara harkar abinci. Da dare takan zaga da fitila tana duba majinyata, daga nan aka laƙaba mata suna mai fitila.

Yawancin littattafan yara a nan suke tsayawa, a kan fitilar. Sai dai gaskiyar magana ita ce, duk da wannan ƙoƙari, a hunturun farko da ta yi a can sojoji sama da 4,000 suka mutu a asibitin. Mafi yawansu kuma ba raunin harsashi ne ya kashe su ba. Taifot ne, da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da atuni, da kwalara, wannan dai cutar da ta kwantar da Auta. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, kusan 42 ne suka mutu. A watan Maris gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin tsafta. Suka gano ginin yana zaune ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, har mushen doki aka ciro daga hanyar ruwan da ake sha. Aka wanke magudanan, aka buɗe hanyoyin iska, aka kwashe shara. Zuwa watan Yuni, masu mutuwa sun koma kusan 2 cikin 100.

Ta yaya aka san waɗannan alƙaluma? Saboda an rubuta. Nightingale mace ce mai rubuta komai: wa aka kwantar, me ke damunsa, yaushe ya mutu, me ya kashe shi. Da ta koma Ingila ta zauna da wani masanin ƙididdiga mai suna William Farr suka bi bayanan dalla-dalla. Abin da lissafin ya nuna mata ba mai daɗi ba ne, domin ya nuna cewa asibitin da take aiki a ciki shi kansa yana cikin abin da ke kashe sojojin. A nan ne malaminmu ya dakata ya ce mu lura da kyau. Matar nan ta riga ta yi suna, ana yi mata waƙoƙi, tana iya yin shiru ta ci gaba da shan yabo. Ba ta yi shiru ba. A 1858 ta fitar da wani zane mai kama da da'ira da aka yanka gida goma sha biyu, kowane gida wata guda. Ta sa launin shuɗi ga waɗanda cututtukan da za a iya kauce musu suka kashe, ja ga waɗanda rauni ya kashe, baƙi ga sauran. Ko wanda bai iya lissafi ba, da ya kalla zai ga shuɗin ya mamaye zanen. Da wannan ta matsa wa hukuma lamba har aka gyara tsarin lafiyar sojoji.

Ina zaune a aji ina jin wannan, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ita ta ga gurbi mai muni a takardarta ta nuna wa duniya. Ni na ga nawa na rufe shi da layuka huɗu.

Wani abin mamaki kuma, a lokacin yaƙin ba a gama gano cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa waɗannan cututtuka ba. Ita kanta ta fi zargin gurɓatacciyar iska. Amma da yake ta lura da kyau, ta kuma ƙirga da gaskiya, sai ƙirgen ya kai ta ga abin da ke aiki, wato tsafta, da ruwa mai kyau, da iska, da rage cunkoso. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a Asibitin St Thomas da ke Landan da ɗalibai 15, inda ake koya musu lura da mara lafiya da rubuta abin da suka gani. Ta rasu a 1910. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya.

Kada ku ɗauka wannan labarin Turawa ne da bai shafe mu ba. A 1946 wata malamar makaranta 'yar Legas, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga wannan makaranta ta Landan ta koyi jinya. A 1954 ta dawo gida ta kama aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, kuma a 1964 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya na asibitin. Daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa baki ɗaya. Ita da ire-irenta suka horar da na bayansu, na bayansu suka horar da wasu, har abin ya iso kan dattijuwar nan mai gilashi da ta ɗaga jug ta haska a rumfar kwalara. A yau Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ba da lasisi, kuma babu wanda doka ta yarda ya kira kansa nas sai da rajistarta.

A makaranta an koya mana cewa aikin jinya yana tafiya ne bisa matakai biyar. Na farko, a duba mara lafiya a tattara bayani. Na biyu, a gane matsalarsa. Na uku, a tsara abin da za a yi. Na huɗu, a aiwatar. Na biyar, a dawo a duba ko abin da aka yi ya yi amfani. Da na koyi wannan sai na ga ai shi Sista ta yi a gabana cikin minti biyu. Na kuma gane cewa matakai huɗun duk a kan na farko suke zaune. Idan bayanin farko ƙarya ne, komai gwanintar likita da nas, a kan ƙarya za su yi gini.

Shi kansa ruwan da ke cikin jug ɗin yana da nasa tarihin. Kwalara tana kisa ne ta hanyar zuƙe ruwan jiki, har babban mutum yana iya zubar da kusan lita guda a cikin awa ɗaya. Masana sun gano cewa idan aka haɗa sukari da gishiri daidai gwargwado, sukarin yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin, ruwa kuma ya bi shi zuwa cikin jini. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira da ke Indiya. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya ga ledojin ƙarin ruwa sun ƙare, ma'aikata kuma ba su isa ba. Sai ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durumai, ya ce iyaye da 'yan uwa su riƙa ba majinyatansu da kofi. Mace-macen da suka kai kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Ku duba su wa suka yi aikin. Mutane ne kamar ni a wancan dare, masu riƙe da kofi.

Irin wannan darasi yana cikin abin da ya sa a watan Satumba na 1978 ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata na Kazakistan, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushe: rigakafi, da ruwa mai tsafta, da abinci mai gina jiki, da kula da mata masu ciki da yara, kuma jama'a da kansu su shiga cikin aikin. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya fi kowa dagewa a kan wannan. Tsarinmu hawa uku ne. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye a ƙarƙashin ƙananan hukumomi, akwai manyan asibitocin jiha, sannan akwai asibitocin koyarwa da na ƙwararru. Ni dai a ganina akwai wani hawa a ƙarƙashin duk waɗannan wanda ba a rubuta shi a littafi ba, shi ne tabarmar mai jinya. Kowa ya san a asibitocinmu ɗan uwa ne ke kwana kusa da mara lafiya, shi ke ba shi abinci, shi ke ganin abin da ya faru tsakanin zuwan nas da dawowarta. Sau da yawa kuma wannan ɗan uwan ɗalibi ne kamarku, saboda shi ne ya iya karatu.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Idan aka tambaye ku kwana nawa mara lafiya ya yi yana ciwo, ku faɗi gaskiya, ko da za a yi faɗa a kan an daɗe ba a kawo shi ba. Idan an ba shi jiƙo ko wani magani daga kemis, ku faɗa, ku ma zo da kwalin. Idan an manta ba a ba shi maganin dare ba, ku ce an manta. Idan ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. A shekarun da na yi ina aiki, na ga yadda "ai yau ya fara" ke ɓatar da likita, alhali ciwon ya yi mako. Faɗan nas na minti ɗaya ne, ya wuce. Maganin da aka rubuta bisa bayanin ƙarya kuwa cikin jikin ɗan uwanku zai shiga.

Ku kuma riƙe wannan saboda damina. Ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari da ake samu a asibiti ko kemis, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta ake zuba shi, sai dai in an rubuta wani awo daban a jikinsa, don haka ku karanta. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Idan babu shi, a lita ɗaya a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi tozo. A fara ba mai gudawa tun a gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya. Idan idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, kada a jira gari ya waye. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida da kuma kafin a taɓa abinci.

Masu sha'awar wannan aiki kuma, maza da mata, ku dage da Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji, domin sai da kiredit a waɗannan biyar ake shiga. Amma tun yanzu za ku iya fara gwada kanku. Idan kun yi gwaji a ɗakin kimiyya, sakamakon bai fito yadda littafi ya ce ba, me kuke rubutawa? Abin da kuka gani, ko abin da na kusa da ku ya rubuta?

Auta yanzu ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. Akwai ɗan tabo a ƙafarsa ta hagu inda aka samu jijiyar. Sai bara na gaya masa yadda aka yi, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe da bashina a kanki." Sista kuwa ban sake ganinta ba, ko sunanta ban sani ba. In tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, in ta riga mu Allah ya haskaka kabarinta.

A daminar da ta wuce ina aikin dare aka kawo wata tsohuwa mai gudawa, jikarta ce ke jinyarta, yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare. Na yago takarda na raba ta gida huɗu na miƙa mata da biro. Na ga ta ɗan yatsine fuska, na gane abin da ke ranta sarai. Na yi mata bayani kamar yadda aka yi mini, sannan na ƙara da abu ɗaya. Na ce, "Ƙanwata, in barci ya ɗauke ki, ki bar wurin babu komai. Ba zan yi miki faɗa ba."

Da asuba na zo na karɓi takardar. Daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi babu layi ko ɗaya. A gefe ta rubuta da ƙananan haruffa: "Na yi barci." Na duba kakar, na ƙara mata ruwa, na ce wa yarinyar ta je ta yi salla.